Murfin da Ba Ni Na Zuba Ba

Aikin zubi da tsakar rana azaba ce, kuma da bakina na jawo wa kaina ita. Shekara ashirin da wani abu ke nan ina tsayawa a gaban wuta a daidai lokacin da kowane mai hankali yake neman inuwa. Idona na hagu ya fara ganin hazo, fatar hannuna ta koma kamar ganda, in na dawo gida ruwan randa ba ya isata. Amma da za a mayar da ni ranar a ce in janye maganata, ba zan janye ba.

Rumfarmu tana can ƙarshen Fagge inda ta haɗu da Sabon Gari, a wani lungu da za ka ji kiran salla ta wannan kunne, ƙararrawar coci ta wancan. Ni da yayana muka gaje ta. Muna narka alminiyon, tsofaffin fistin na mota, gwangwani, fasassun tukwane, mu zuba sababbi a cikin ƙasa: tukunya da murfinta, kasko, ludayi. Masu dafa abinci na wajen Singa da Bata duk tukwanenmu ne a kan murhunsu. Ka'idar sana'ar guda ɗaya ce tun zamanin ubanmu. Ana sallame asuba ka hura wuta, ka gama zubi kafin rana ta ɗaga, sauran yini sai goge da kankara a inuwa. Ba wanda ya taɓa tambayar dalili, domin duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da narkakken ƙarfe ya san dalilin.

Hayaƙinmu ba shi da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Gawayi ne da ɗan baƙin mai don wuta ta kama da wuri, ga fentin jikin gwangwani yana ƙonewa. Mu mun saba, hancinmu ya mutu.

A bayan rumfar akwai wani bene hawa biyu na wasu Inyamurai. Matar gidan a Sabon Gari aka haife ta, Hausar bakinta ta fi tawa tsami. Madam muke ce mata, ita kuma ta ce mini Mai Tukunya. Mijinta tsohon ma'aikacin reluwe ne, ya yi ritaya da ciwon asma, ɗakinsa a sama yake. Shekarar da soja suka miƙa mulki, bayan damina ta ɗauke, ciwon ya tsananta. Sau biyu ana sauko da shi a kafaɗa da sassafe a kai shi asibiti. A karo na uku ba ta bi motar ba tukuna, sai da ta tsaya a bakin rumfarmu, ɗankwalinta a hannu.

Ta ce, "Mai Tukunya, in mutumin nan ya mutu, kai za ka riƙe mini yaran?"

Yayana ya ce, "Haba Madam, rai a hannun Allah yake."

Ta ce, "Rai a hannun Allah, wuta a hannunka. Ban zo faɗa ba. Yanzu farar hula ne, takarda zan rubuta."

Ta kuwa rubuta. Da zamanin soja ne, ko dai ta haɗiye, ko kuma ta samu wani mai kaki ya zo ya shure mana murhu a gama. Yanzu an ce akwai kansila, kuma namu rabin ƙuri'unsa daga lungunmu suka fito, rabi daga nasu. Mutum ne da muka san shi yana sayar da yadi a Kwari, yau ya zama Honarabul. Ya aiko cewa za a zauna a zauren mai unguwa ranar Asabar, kuma ɗan aiken bai ɓoye mana ba: maganar da ake yi ita ce a tashe mu a ba mu fili a bayan gari. Bayan gari kuwa babu mai ɗaukar tukunya ya kai, babu mai kawo maka fistin. Rasa rumfar nan rasa sana'ar ne baki ɗaya.

To ni akwai wani abu da na sani wanda yayana bai sani ba, kuma sai na faɗi inda na samo shi.

Ina saurayi na yi shekara shida ina leburanci a filin jirgi, wajen masu duba yanayi. Ta hanyar alminiyon ɗin nan na shiga. Suna haɗa garinsa da wata soda mai cin hannu a cikin tulun ƙarfe, ya fitar da iskar da ake cika balan-balan, ni nake kai musu garin, har suka ce in zauna in riƙa haɗawa. Balan-balan ɗin ya fi ni tsawo in ya cika. A ɗaura masa wata 'yar na'ura a gindi, in fita da shi fili, a ce saki, in saki. Yana hawa na'urar tana aiko da labarin sanyi da iska, ogana yana ɗigawa a wata takarda mai layi-layi.

Ogan nan Babarbare ne, amma iyayensa sun daɗe a Kano. Malam nake ce masa. Ni aji huɗu na yi a firamare, bai taɓa yi mini gori ba. Mutum ne mai son magana, kuma ba shi da abokin hira sai ni. Wata rana ya kira ni ya nuna mini layin da ya zana. Ya ce duba, balan-balan yana hawa, sanyi yana ƙaruwa, yana hawa, yana ƙaruwa, har sanyin da ba ka taɓa jin labarinsa ba. Sai ya ɗora yatsa a wani wuri inda layin ya karye ya juya. Ya ce daga nan sanyi ya daina ƙaruwa. Ya faɗi sunan wurin da Turanci, na kasa maimaitawa. Ya ce iskar da ke ƙasa da wurin nan kullum a cikin juyawa take, ta sama ta sauko, ta ƙasa ta hau, shi ya sa ake hadari da ruwa. Wadda ke sama da shi kuwa a kwance take shimfiɗa-shimfiɗa, busasshiya, ba ta son gaurayawa da tamu. Ya ce a saman Kano wurin yana da nisa ƙwarai, ya wuce inda jiragen alhazai suke bi.

Na ce, "Malam, ashe murfi ne."

Ya yi dariya har da buga tebur. Ya ce, "Murfi ne mana! Ɗan maƙera, ka fi littafin iya faɗa. Sai dai yana yoyo kaɗan. A nan ƙasashen zafi iska tana ɗan sulalewa ta wuce sama a hankali, ta je ta sauko can ƙasashen sanyi bayan shekaru."

Da damina ya fito da ni ya nuna mini hadari ya taso ta gabas, ya yi tsiri, ya yi tsiri, sai kansa ya baje ya yi faɗi kamar uwar maƙera. Ya ce kansa ne ya bugi murfi, ba hanya, dole ya baje. Akwai wata shekara da faɗuwar rana ta riƙa yin ja fiye da kima, ya ce wani dutse ne ya yi aman wuta a wata ƙasa mai nisa, ƙarfinsa ya huda murfin, hayaƙin ya shige sama inda babu ruwan saman da zai wanke shi, sai ya gaji don kansa.

Wannan babban ke nan. Amma wanda ya amfane ni ƙaramin ne. Ya ce akwai wani murfi na kusa da kanmu, shi kuma kullum ake yin sa, kullum ake buɗe shi. Kafin gari ya waye ƙasa ta huce, iskar da ke kwance a kanta ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi tana bisa, to mai nauyi ba ta hawa. Duk abin da ka saka a cikinta nan zai tsaya. Sai rana ta gasa ƙasa, iska ta fara tafasa kamar ruwa a tukunya, murfin ya tashi. Ya nuna mini da hayaƙin ciyawar da ake ƙonawa a gefen fili. Na gani da idona ba sau ɗaya ba. Da ubanmu ya rasu na bar aikin na dawo rumfa, na ajiye wannan duka a wani lungu na kaina, ban taɓa zaton yana da alaƙa da murhunmu ba. Kunya ce, amma gaskiya ce. Sai da aka ce za a tashe mu sannan na tsaya bayan asuba na ɗaga kai na kalli namu hayaƙin.

Ranar Asabar zauren ya cika. Mai unguwa, kansila da babbar rigarsa da biro biyu a aljihu, Madam da wasu mata biyu 'yan cocinsu, ni da yayana. Ta yi bayani, ba ta ƙara gishiri ba. Kansila ya juyo ya ce me za mu ce.

Na ce, "Honarabul, hayaƙi namu ne, ban musa ba. Amma abin da yake kai shi ɗakin mijinta murfi ne. In aka bi ta kan murfin, ba sai an tashe mu ba."

Fuskarsa ta washe. Da ma neman mafita yake, ba ya son ɓata wa kowane ɓangare. Ya zaro biro yana rubutu yana faɗa da ƙarfi: "Masu zubi sun amince za su sa wa murhunsu murfi. Madalla! Ai ku ne masu yin murafe, abin a hannunku yake. Madam, kin ji ko? Za a rufe shi ruf."

Matan suka dubi juna. Madam ta fara gyaɗa kai, kamar za ta yarda. Yayana ya matse mini cinya da yatsu har na ji zafi, ya raɗa mini, "Yi shiru, don Allah yi shiru. Gobe na zuba masa murfi kamar faifai, a wuce wurin."

Da na yi shiru da an tashi taro a nan, rumfa ta tsira. Na sani. Amma na san wuta ba ta ci a rufe, dole mu ɗaga shi mu yi aiki, hayaƙin nan kuma zai tafi inda ya saba. Mutumin zai ci gaba da shaƙa, wata rana a sauko da shi ba a mayar ba. Ni kuma a ce na zauna an rubuta ƙarya da sunana ina kallo, a kan abu ɗaya tilo da na sani fiye da duk wanda ke zauren.

Na ce, "Honarabul, soke. Ba wannan murfin ba. Na sama nake nufi, na iska."

Sai dariya ta ɓarke. Ɗaya daga cikin matan har da tafi. Madam ta ce, "To! Ashe farfesa muke da shi a lungu ba mu sani ba. Mai Tukunya, sama ma ka zuba mata murfi? Lamba nawa ne, in saya wa tukunyata?"

Yayana ya ce, "Ranka ya daɗe, ku yi haƙuri, zafin wuta ne ya taɓa shi."

Raina ya ɓaci, amma ban ɗaga murya ba. Na ce ban iya Turanci ba, ban iya dogon bayani ba, abu ɗaya nake roƙo. Ranar Litinin su zo bayan asuba su hau benen Madam su kalla, su sake dawowa da walaha su kalla. In ba su ga bambanci ba, ni da kaina zan kwashe kayana. Yayana ya rufe fuska da hula. Mai unguwa ya ce kallo ai ba ya cin kuɗi, a je.

Kwana biyun nan yayana bai yi mini magana ba sai ta aiki. Ni kuma ina ta duban yadda iska take kaɗawa, domin Malam ya taɓa gaya mini in aka kwana da iska mai ƙarfi ƙaramin murfin ba ya zama. Da Litinin ta zo da iska, da na zama mahaukacin lungu kuma na rasa rumfa a rana guda.

Allah ya taimake ni, gari ya waye lum, ko ganye ba ya motsi. Yayana ya hura wuta kamar kullum, yana juya ƙafar keken da muke zuga wuta da ita. Ni na bi su Madam da kansila sama. Shekara da shekaru muna maƙwabtaka, ranar na fara taka matakalar gidan. Mijin yana zaune a bakin gado da 'yar robar fesawa a hannu, ƙirjinsa yana kuka kamar usur. Ya ɗaga mini hannu. Na kasa haɗa ido da shi.

Muka fita baranda. Hayaƙinmu ya taso baƙi, ya miƙe kamar zai wuce, yana kaiwa daidai tagar ɗakin sai ya tanƙware ya kwanta. Ya bi lungun a shimfiɗe kamar tabarma, samansa a daidaice kamar an yanka da wuƙa. Ba namu kaɗai ba. Na mai ƙosai, na mai shayi, na masu babbaka can wajen kwata, kowanne ya hau ya tsaya a layi ɗaya. A ƙasa mutane suna wucewa abinsu, mu a sama muna tari.

Na ce, "Honarabul, wa ya hana shi wucewa?"

Ya toshe hanci da hannun riga. Madam ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Shekara nawa ina shanya a barandar nan, ban taɓa lura ba."

Aka kashe wutar, kowa ya tafi harkarsa. Da rana ta ɗaga sosai na fara duban sama ta wajen kwata. A lokacin ungulu sun yi yawa a Fagge. Da safe suna zaune a kan rufi kamar tsofaffi, ba sa tashi sai iska ta fara tafasa ta ɗauke su, su riƙa kewayawa ba tare da kaɗa fiffike ba. Wannan ba Malam ne ya koya mini ba, ni na haɗa da kaina. Da na ga sun hau, na aika a kira mutane, na hura wutar da hannuna, har na ƙara baƙin mai da gangan don kada a ce na yi wayo.

Hayaƙin ya tashi ya wuce tagar, ya wuce rufin, ya yi ta birkiɗa yana yayyagewa, kafin ya kai tsawon bene biyu ya ɓace. Madam ta leƙo daga baranda, ta shaƙi iska da ƙarfi, ta sake shaƙa.

Ta ce, "Mai Tukunya!"

Na ce, "Na'am, Madam."

"Na janye farfesan wasa. Na ba ka na gaske."

Kansila ya sauko ya zaro biro. Ya ce ƙarfe nawa zai rubuta. Na ce ba ƙarfe, in ungulu sun hau. Ya ce shi ba zai kai wa sakatariya takarda da ungulu a ciki ba, za a ce ya zagi wani. Mai unguwa ya ce a sa sha ɗaya. Na ce da sanyi murfin yakan kai sha ɗaya, da bazara yakan buɗe tun tara da rabi. Aka bar sha ɗaya a takarda, ni da Madam muka bar ungulu a tsakaninmu. Ta ce ita ma za ta riƙa duba su, in na riga su za ta sauko. Yau ungulun sun ƙare a garin, ban san inda suka tafi ba, agogo nake dubawa kamar kowa.

Yayana bai yi murna ba, kuma ban ga laifinsa ba. Da mutane suka watse ya zauna a kan buhun gawayi ya ce, "Ka ceci rumfa ka gasa mu. Ka san me ake nufi da zubi da azahar a watan bazara? Ni na kusa sittin."

Na ce na sani. Na ce ya riƙe haɗa ƙasa da goge a inuwa, ni zan riƙe wuta da ɗaukar narki. Ya ce, "Za ka gaji ka dawo hanya." Ban dawo ba. Sauran masu zubi na Fagge sun yi ta yi mini dariya, suna ce mini mai azumin wuta. Mijin Madam bai warke ba, asma ba ta warkewa, amma ba a ƙara sauko da shi a kafaɗa da safe ba, ya yi shekaru yana zama a barandar nan da rediyonsa. Malam kuwa ban samu na gaya masa ba, an ce ya koma Maiduguri.

Washegarin Litinin ɗin nan na yi sallar asuba na zo rumfa kamar yadda ƙafata ta saba. Na jera gawayi a murhu, na ɗauko ashana, sai na tuna, na mayar da ita aljihu. Hannuna ya rasa abin yi. Na share rumfar sau biyu, na ware fistin daga gwangwani, na sha shayi a zaune, abin da ban taɓa yi ba ranar aiki. Yayana yana haɗa ƙasa bai kalle ni ba. Na jawo benci bakin lungu inda ake hango wajen kwata na zauna ina jira. Da ungulu ta farko ta saki rufi ta fara kewayawa, na jiƙa rawanina a bokiti, na naɗa a ka, na ƙyasta ashana.